Harbin Hasbiya da Kurciya a Fadamun Nguru da Gashuwa

(Taken shiri)

Ina gaida manoma da masunta da makiyaya daga Nguru har Gashuwa, da mutanen Machina da Karasuwa da Jakusko, da duk inda muryar nan ta kai. Gaisuwa ta musamman ga sarakunan baka da yaransu, don hirar yau tasu ce. An kawar da amfanin gona, tsuntsu ya sauko masussuka, saboda haka yau za mu taɓa harbin hasbiya da kurciya.

Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A wajen ciniki na yarda. A harbin tsuntsu kam ban yarda ba, kuma na san tsofaffin maharba ma ba za su yarda ba. Hasbiyar da aka kuskure ta tsira da lafiyarta, gobe tana nan. Wadda aka sama a wutsiya ko a ciki ba ta faɗuwa nan take. Sai ka ga gashi ya tashi, ta ɗan yi tangaɗi, ta miƙe abinta da ƙwayar dalma biyu a hanji, ta je can cikin kachala ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu. Kai ba ka ci ba, iyali ba su ci ba, kuɗin harsashi ya tafi, ga alhakin rai a wuya. Don haka ni ba yawan abin da ke cikin burgame nake dubawa ba in ana zancen gwani. Nawa ne suka tafi da rauni? A nan ake gane maharbi.

Mu fara da sanin abin da ake harbi. Hasbiya ita ce babbar, mai girman tantabarar gida, fukafukanta ja-ja da ɗigon fari, idonta kewaye da jar fata. Tana son giginya da dogayen gine-gine, shi ya sa ba a rasa ta a tsofaffin rumfunan ajiya na cikin gari, kuma in ta tashi sai ka ji ta tafa fiffike kafin ka gan ta. Akwai ƙaramar kurciyar nan mai ɗige-ɗige a ƙirji da ke shigowa har tsakar gida. Akwai masu baƙin zobe a ƙeya, waɗanda suka fi yawa a bakin fadama. Akwai bardo, ɗan mitsitsi mai dogon bindi, wanda a ganina namansa bai kai a ɓata masa harsashi ba. Sai wata baƙuwa da za mu zo kanta an jima. Dukansu masu cin ƙwaya ne, kuma mai cin busasshiyar ƙwaya dole ya sha ruwa kullum. Wannan ya sa suke da hanya: daga makwanci zuwa gona da sassafe, daga gona zuwa ruwa da hantsi, sannan da la'asar sakaliya a koma. Wanda ya zauna kwana biyu yana kallo kawai, ba bindiga, zai ga kusan ta kan itace ɗaya suke bi.

To, babban abin da ke jawo rauni shi ne nisa. Bindigar tsuntsu ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba. Harsashi mai lamba 6 yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma kusan 300. Suna fita a dunƙule, suna tafe suna bajewa, suna kuma rage ƙarfi. A taku biyar duk a wuri ɗaya suke, tsuntsun da suka sama ya zama kaca-kaca, ba abin ci. A taku 25 zuwa 30 sun buɗe daidai, hasbiyar da ta shiga tsakiyarsu za ta sami uku ko huɗu, kuma su ke kayar da ita nan take. A taku 50 kuwa sun yi tsarara, tsuntsu na iya ratsa tsakaninsu, ko ƙwaya ɗaya ta same shi a ciki ba ta da ƙarfin kashewa.

Kada ka yarda da maganata, malam maharbi, ka gwada da kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sami babban kwali ko takardar buhun siminti, ka zana surar hasbiya da gawayi a tsakiya, ka jingina shi a jikin tudun ƙasa inda babu kowa a baya. Ka sanar da bulama tukuna, don kowa ya san yadda ƙarar bindiga take tayar da hankali a ƙasar nan. Ƙirga taku 30, ka harba, ka je ka ƙirga hudar da ke cikin zanen. Sake wani kwalin a taku 50. Da yawa za su tarar huda ɗaya ce a cikin zanen, ko babu ko ɗaya. Wani ma zai gano bindigarsa hagu take kaiwa, ko sama, alhali shekara da shekaru yana zargin sammu. Harsashi biyu ka kashe, amma ka san iyakar bindigarka. A dawa kuma ga alama mai sauƙi: in ba ka iya ganin jan da ke kewaye da idon hasbiya, ta yi nisa, bar ta ta wuce.

A kula da lambar harsashi. Duk yadda lamba ta yi sama, ƙwayar tana ƙara ƙanƙanta da yawa. Lamba 6 ko 7 su ne na kurciya. Masu rubutun BB da AAA, waɗanda suka fi yawa a hannun mutane, na manyan abubuwa ne: ƙwayoyinsu kaɗan ne, tsakaninsu da faɗi, kuma sun fi tafiya nesa in an kuskure.

Yanzu harbin tsuntsu a sama, inda mafi yawanmu muke shan kunya. Ƙwayar dalma tana fita da gudun da ya kusa mita 400 a sakan, amma iska tana cin ta. Kafin ta kai mita 30, kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ya wuce. Ƙiftawar ido ce, na sani. Sai dai hasbiya in ta miƙe tana yin wajen kilomita 60 a awa, wato a cikin wannan ƙiftawar ta ci kamu uku zuwa huɗu. Ita kuwa duk tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ka ga ke nan wanda ya auna kanta daidai ya ja kunama, inda ta baro ya harba. In ya yi rashin sa'a, gefen ƙwayoyin ya taɓa bindinta. Ɗan ƙwallo ba ya tura ƙwallo inda abokinsa yake, sai inda zai kai. Haka harbin sama yake.

Yadda ake yi kuwa, ka tsaya ƙafar hagu a gaba in kai badame ne, nauyinka a kanta. Idonka a kan tsuntsun, ba a kan bakin bindiga ba. Ka zaɓi guda ɗaya tak a cikin garken, ka manta da sauran. Ka ɗago bindiga ta zo ta sami kuncinka, kada ka sunkuyar da kai ka je nemanta, gindinta kuma ya zauna daram a kafaɗa, in ba haka ba ta tokare ka. Ka fara daga bayan tsuntsun, ka bi ta kan bindi, ka ratsa jiki, ka wuce baki, sai ka ga fili tsakanin bakin bindiga da bakin tsuntsu, ka ja kunama hannunka bai tsaya ba. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin. Mutane da yawa suna bi daidai, amma da zarar za su harba sai su daskare, tazarar da suka samu ta tashi a banza. Juyawar kuma daga ƙugu take zuwa, ba daga hannu kaɗai ba.

Ba kowane tsuntsu ne yake son tazara iri ɗaya ba. Mai gittawa daga hagu zuwa dama shi ya fi buƙatarta. Mai tahowa kanka, ka ɗaga har bakin bindiga ya rufe shi, sannan ka harba. Mai guje maka kai tsaye, ƙeya da bindi kawai yake nuna maka, kuma kowane bugun fiffike nisa yake ƙarawa. In bai kusa ƙwarai ba, ni dai shawarata a ƙyale shi. Masu bindigar toka kuma ku ƙara tazara a kan ta masu harsashi, don tsakanin jan kunama da tashin albarushi akwai ɗan jinkiri.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kowa yana da idon da ya rinjayi ɗan'uwansa. Gwada yanzu kana zaune. Buɗe ido biyu, ka nuna wani abu mai nisa da ɗan yatsa. Rufe na hagu. In yatsan bai gusa ba, idon dama ne jagora. In ya yi tsalle gefe, na hagu ne. Badamen da idonsa na hagu ke jagora zai yi ta kuskure gefe guda bai san dalili ba. Maganinsa ya ɗan kanne idon hagu lokacin harbi, ko ya koyi ɗora bindiga a kafaɗar hagu.

Sauran aikin na ƙafa ne da haƙuri. Tsuntsu yana sauka yana kuma tashi ne yana fuskantar iska. A hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, to ka zauna ka ba ta baya, hasbiya za ta taho maka gaba da gaba tana rage gudu. Ka laɓe a gindin goruba ko bayan tsaikon kara, kada ka sa farar riga, kada ka ɗaga fuska sai ta shigo. Motsi take gani kafin komai. Kakanninmu da suke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe cikin ciyawa sun san wannan tun da daɗewa: gara a sha wahala a matsa kusa da a yi harbin Allah-ya-sa.

Na san wani zai ce, malam, harsashi da tsada, mu a ƙasa muke jira su taru mu harba cikin garke. Gaskiya ne, haka aka fi yi. Amma ka lura da abin da ke faruwa: uku su faɗi, wasu da dama su tashi da rauni. In dole sai a ƙasa ko a kan reshe, auna na gefe, wanda ya ware. Kuma harbin ƙasa shi ne mafi haɗari ga mutane, don ƙwayoyin a daidai tsayin ɗan Adam suke tafiya, ƙananan ma suna wuce mita 200, kuma suna ɗallewa a kan ruwa su canza hanya. Fadamarmu ba daji ba ce da babu kowa. Bayan kachalar nan akwai masunci a kwalekwale. A gonar shinkafa akwai yaro mai korar tsuntsu. A kan gorubar akwai mai yankan kaba, a masussuka akwai mata masu kala, ga ɗan Fulani a bayan shanu. In ba ka ga abin da ke bayan tsuntsu da idonka ba, babu harbi.

Masu bindigar toka, ku saurara da kyau. Ku yi alama a jikin sandar ɗuri, yadda in kun zura za ku san ko bindiga a ɗure take, don ɗuri a kan ɗuri shi ke fasa bututu ya tafi da yatsu. Kada a taɓa kwance harsashin kanti a zuba hodarsa a bindigar gida, ƙarfinta ya fi ƙarfin bututun nesa ba kusa ba. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira minti guda cur, ba a leƙa ba a hura. Wanda ya yi tuntuɓe a laka ya duba bakin bindiga kafin ya harba, don toshewa kaɗan ta isa. Ba a shiga kwalekwale ko hawa babur da bindiga a ɗane, ba a kuma shiga gida da ita a ɗure. Allah ya kiyaye.

(Kiɗan ratsi)

Barkanmu da dawowa. Mu ɗan leƙa wajen malamai. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka harba da bindiga idan an yi bisimilla lokacin harbin, tun da dalma tana hudawa ta zubar da jini. Amma in ka tarar da tsuntsu da sauran ransa, sai ka yanka. Masu karatun Muhtasar sun san babin ya yi tsanani a nan: wanda ya yi sanyin jiki wajen bin abin da ya harba, ko ya bar wuƙarsa a jaka ko a hannun wani har abin ya mutu kafin ya ɗauko, ba zai ci ba. To wuƙa a jiki take zama, kuma in tsuntsu ya faɗi, a je a ɗauko shi kafin a sake ɗuri. Yara masu danƙo kuma, dutse bugu yake yi ba huda ba. Kurciyar da dutse ya kashe ba a kai ga yanka ta ba mushe ce. An kuma hana mayar da mai rai abin gwajin hannu. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin unguwarsu.

Sai maganar sheƙa. Kurciya da hasbiya ƙwai biyu suke yi, macen da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin mako biyu. In an ƙyanƙyashe, ba hatsi ake fara ba 'ya'yan ba, wani farin abu ne mai kauri da uwa da uba suke fitarwa daga jakar da ke wuyansu. Saboda haka harbe ɗaya daga cikin iyayen sau da yawa kashe uku ne. Ba su da wata guda na haihuwa, kusan duk shekara ana samun sheƙa, don haka alama za a bi. Wadda ka gani da tsinke a baki, ko biyu da ke kai da komowa a giginya ɗaya, a bar su. In kana fiɗa ka tarar cikin jakar wuyan ya yi kauri, da farin abu guda-guda a manne, ka harbi mai shayarwa ke nan. Ka canza wuri.

Baƙuwar da na ambata, kurciyar Turai ce. Tana iso mana bayan damina, ta koma wajen Maris ko Afrilu, kuma Sahara take ƙetarewa zuwa da komowa. Gane ta ba wuya: bayanta ja-ja ne da baƙi a tsakiyar kowane gashi, a gefen wuyanta kuma akwai zane-zanen baƙi da fari, ba baƙin zobe irin na tamu ba. Tana kwana da yawa a kurmin bagaruwa na bakin ruwa. A Turai ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 tun daga 1980, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen duniya da ke cikin haɗari. Adalci shi ne a faɗa, ba maharban Bade ko na Nguru ne suka ƙarar da ita ba. Sauyin noma a can da harbin da ake yi mata a hanya su ne kan gaba. Amma da Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbinta a 2021, cikin shekara biyu masu sheƙa a yammacin Turai sun ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wato ɗaga mata ƙafa yana aiki. Mu ma nan wurin saukarta ya tsuke, tun da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya ambaliya, kachala ta cinye mashigai, gatari kuma yana bin bagaruwa. In ka gane ta, ka bar ta.

Abin da na fi ƙi a duk harkar nan shi ne bin makwanci da dare da tocila. Wannan ba farauta ba ce. A Amurka an taɓa yin wata kurciyar daji da ake ƙiyasta yawanta da biliyoyi. 'Yan kasuwa suka riƙa bin ta makwanci da wurin sheƙa, ana loda ta a jirgin ƙasa zuwa birane, ana kuma sare dazukanta. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914.

Doka kuwa a taƙaice. Dokar bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi, har ga bindigar toka, wadda takardarta daga Kwamishinan 'Yan Sanda take fitowa. Dagona da Gogaram da Zurgum Baderi suna cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, ba a harbi a ciki ko da danƙo ne. Saboda tsuntsayen Dagona ne Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya tako har nan a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Iyayenmu mata, sauran maganar taku ce, don a hannunku naman yake ƙarewa. Dalma guba ce. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana kuma lahanta ƙoda, mu kuwa a yankin nan ba sai an gaya mana zafin ciwon ƙoda ba. Ba harsashi nake ɗora wa wannan ciwo ba, amma babu dalilin ƙara wa jiki kaya. In an fige tsuntsu, a ɗaga shi a haske a nemi kowace huda, a bi ta da bakin wuƙa a ciro ƙwayar, a yanke naman da ya yi baƙi a kewayenta a yar inda kaji ba za su tsattsaga ba. Kada a dafa da ƙwayar a ciki a ce a cire a baki, musamman a miya mai tsami, don tsami yana narkar da dalma ta shiga romo. Mai juna biyu da ƙananan yara, gara a ba su tantabarar gida. Maharbi kuma ya daina riƙe ƙwayar dalma a baki lokacin ɗuri, kuma kada a narka ta a tsakar gida inda yara ke wasa. Tsuntsun da aka tsinta a mace, ko bayan an yi feshin jan-baki, ko wanda aka kama da hatsi mai guba, ba na tukunya ba ne, a haƙa rami a binne.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ko gyara, musamman daga sarakunan baka, ƙofa a buɗe take, ya aiko mu karanta a shiri na gaba. A huta lafiya.

(Taken rufewa)